Yaya Habibu da ɗansa mai gadin daji

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana, Malam Habibu, kuma har yau ban gane abin da ya rubuta a shafin ƙarshe na littafinsa ba.

Tafinta ne a wani gidan rediyo a Washington. Ko ana cin tuwo, kalma ba ta wuce shi sai ya tono asalinta. Amma ranar da ɗansa Nasiru ya ajiye karatun likita ya ce aikin kula da gandun daji zai yi, Yaya bai tsaya tonon komai ba. Cewa ya yi, "Na kawo ka Amurka ne ka zama maigadi?" Daga nan gaisuwa kawai ke haɗa su.

Da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi a garin Gaithersburg, kusa da Washington, magana ta gagare shi, sai ɗan rubutu da hagu. Bayan jana'iza na buɗe littafin da yake rubutun a ciki, na ga wata baƙuwar kalma, *guarda-parque*. Ya raba ta biyu. A ƙarƙashin *parque* ya sa "killataccen fili". Daga *guarda* kuwa ya ja kibiya zuwa "gadi" tamu ta Hausa, ya rubuta: "Suna ne ko umarni?"

Na nemo ma'aikaciyar jinyar da ta kula da shi, 'yar Brazil. Ta ce shi ya tambaye ta a rubuce sunan aikin ɗansa da harshensu na Fotugis. Ta gaya masa *guarda* na nufin mai tsaro, kuma da ita ake ce wa mutum "tsare". Sai ya sake ɗaukar biro.

To, me yake nufi? Hujja ya samu cewa ko a wani harshen gadi dai gadi ne? Ko cewa yake, je ka tsare, na yarda? Wata rana in karanta in ji zolayarsa, wata rana in ji saduda.

Yanzu Nasiru na aiki a wani gandu a Virginia, mutane na tsayawa su saurare shi yana faɗin sunayen itatuwa da inda suka samo asali. Da Yaya zai gan shi, ban san ko zai ɓata rai ko zai gyara masa lafazi ba.

Bana na nuna masa shafin. Da Hausarsa mai ɗingishi ya ce, "Gwaggo, Baba ya yafe min?"

Na ce, "Ban sani ba. Abin da na sani, mutumin da cokali ke faɗuwa daga hannunsa ya ƙarar da sauran ƙarfinsa a kan sunan aikinka."

Allah Ya jiƙan Yaya Habibu.