Tafin Bitrus

Yau shekara arba'in da rasuwar aminina Bitrus, wanda nake tsokana da Likitan Ɓeraye. Batangale ne, ma'aikaci a ɗakin gwajin magungunan dabbobi a nan Gombe, zamanin da kuɗin fetur suka shigo, kowa ya raina ƙwaya sai allura.

Ranar da na fara zuwa wajen aikinsa, na same shi yana tafa wa ɓerayen Masar, na ce shi ke nan, boko ya taɓa shi. Ya ce in zuba ido. Da ya tafa, na keji ɗaya suka kaɗa kunnuwa, na ɗayan ko gezau. Allurar kashe ƙwayoyin cuta iri ɗaya ake musu, amma na farkon ana auna ta daidai nauyinsu, na biyun an zabga musu har sun kurmance. Aikinsa shi ne gano inda magani ke tsayawa, guba ta fara. Na yi dariya na tafi.

A shekarar ce tarin fuka ya kama 'yar farina, Dija. Wani mai allura a unguwarmu ta Dawaki ya riƙa ninka mata irin wannan allurar, wai don ta warke da wuri, ni kuma ina godiya. Mu Fulani muna kunyar 'yar fari. Ban taɓa kiran sunanta ba, ba na mata magana, to ta yaya zan san ta daina amsawa? Uwarta ma haka.

Bitrus ba ruwansa da kunyarmu. Ya zo dubiya, ya kira ta sau biyu tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba. Ya zagaya bayanta ya tafa. Shiru. Sai na tuna kejin nan.

"Malam Buba," ya ce, "ɓerana ma ina kula da kunnensa. Kai 'yarka fa?"

Ban taɓa jin maganar da ta dake ni haka ba. Ya ɗora ta a babur ɗinsa zuwa asibiti, likita ya canza magani. Tarin ya warke. Abin da ya tafi na jinta bai dawo ba, amma an ceci ragowar.

Da Bitrus zai leƙo unguwar Gabukka yau, ya ga ana sayar da maganin ƙwayoyin cuta a tire cikin rana, kusa da goro, kowa likitan kansa, da ya riƙe baki. Ni ma kullum sai abin ya firgita ni. An ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, amma da alama mu bai ishe mu ba.

Littattafan gwajinsa gara ta cinye, sunansa ba ya jikin kowane gini. Dija ta zama kaka. Sai an ɗaga murya take ji, don haka ni da ban taɓa furta sunanta ba, yanzu ƙwala mata kira nake yi har maƙwabta su ji. Kuma tana amsawa.