Ya Fita da Ƙafafunsa

Auta ta fara jin sunan ne a bakin Inna, haɗe da mari. Ta dawo daga makaranta wuyanta ya ƙage, sai ta kama haɓarta ta murɗa, ya yi ƙas. Inna ta yar da tsintsiya ta wanke ta da mari.

"A gidan nan? Ƙasƙas kike so ki zama?"

Ba wanda ya yi mata bayani. Ita ce dai mai naci, mai zama gindin manya, har ta tsinto labarin guntu-guntu. Ƙasƙas yayan Inna ne. Kawu Ƙarami kuwa, wanda ta buɗi ido ta gan shi kwance a ɗakin ƙurya, ba ya motsa komai daga kafaɗa zuwa ƙasa, ƙanensu ne.

A da, Kawu Ƙarami ɗan kokawa ne. Yayansa kuma yana da benci a bayan filin wasan, kusa da famfo, da kwalbar man zafi da tsohon tawul. Duk ɗan wasan da ya sauko sai ya kwanta masa, shi kuma ya tallafi ƙeyarsa, ya ce, "Saki jikinka, ba surukarka ba ce," ya murɗa dama, ya murɗa hagu. Idan wuya bai yi ƙara ba, gani suke ba a yi aiki ba. Asibiti kuwa ba sa zuwa, don likita hana mutum wasa yake yi.

Ranar da abin ya faru, an ɗaga Kawu Ƙarami an dire shi ta ka. Ya tashi, ya ƙarasa wasan, har ya kayar da abokin karawarsa. Ya zo wurin bencin yana riƙe da kansa da hannu biyu, yana cewa yatsunsa na masa kamar ana tsira masa allura.

"Yaya, gyara min, yau ya ƙage da yawa."

Yayan ya murɗa. Daga baya likita ya nuna musu hoton: ƙashin wuya ya tsage tun a fili, yana zaune ne a wurinsa, murɗawar ce ta gusar da shi. Inna ta ɗauki ƙanenta ta kai gidanta, ta ce muddin tana numfashi Ƙasƙas ba zai taka mata ƙofa ba. Ga baƙi kuwa cewa ake, "A fili aka karya shi."

Da Auta ta gama sakandare, jinyar ta dawo hannunta, don bayan Inna ya gaji. Juya shi ne ya fi ba ta wuya. Duk sanda ta juya shi sai ya cije leɓe, ga gyambon kwanciya ya fara cin ƙugunsa.

"Ke, buhun siminti kike saukewa?" in ji shi. "Ko waɗanda na kayar sun fi ki tausayi."

Sai ta je neman Ƙasƙas. Ta same shi a bakin titi yana facin taya, gemu duk furfura, hannuwa baƙi ƙirin. Tun ranar da ya murɗa wuyan ƙanensa bai sake taɓa jikin mutum ba. Ko gaisuwa ba ya miƙa hannu, sai ya dafe ƙirji. Da ta faɗi ko ita wace ce, ya ci gaba da latsa tiyub ɗin da ya tsoma a ruwa, sannan ya tambaya:

"Yana cin abinci?"

"Yana ci, Kawu. Juya shi ne ban iya ba."

Ya naɗe tsohon buhu ya kwantar a kan katako, ya nuna mata: hannu ɗaya ƙarƙashin ƙeya, damtse ya tokare kafaɗa, kai da gangar jiki su tafi tare kamar ƙyauren ƙofa. Ta yi ta maimaitawa yana gyara mata da baki, bai ko taɓa yatsanta ba.

Da ta juya Kawu Ƙarami haka, bai cije leɓe ba.

"Wannan riƙon na Yaya ne," ya ce. "Ya tsufa?"

"Ya tsufa."

"Ki ce wa Inna ina son ganinsa."

Inna ta ce a'a. Auta ta roƙa, ta yi kuka, ta haɗa ta da Allah. Inna ta ce, "Ni na kwashe kashinsa shekara da shekaru. Wanda ya ƙona rumbu ba shi zai zo duba toka ba." Kawu Ƙarami bai sake tayar da maganar ba, don a hannunta yake ci, a hannunta yake sha.

Da damina tari ya kama shi, ƙirjin ba shi da ƙarfin fitar da majina. Sai a lokacin Inna ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Je ki kira shi." Auta ta ruga. Ƙasƙas ya tsaya wanke hannuwansa da sabulu, yana ta dirza, baƙin ya ƙi fita. Suna shiga layin suka jiyo kuka.

Mazan da suka je maƙabarta sun ce Ƙasƙas ne ya shiga kabarin ya karɓi wajen kai, yana ta ce wa mutane, "A hankali da wuyan. Ku tafi da shi tare." Bai daɗe ba shi ma ya bi bayansa.

Yanzu idan yaran gidan suka tambayi labarin Kawu Ƙarami, wurin Auta ake tura su. Inna kan zauna a gefe ta yi kamar ba ta ji. Ita kuwa Auta takan tuna ranar da ta koyi juyin, ta miƙe za ta tafi, Ƙasƙas ya kira ta yana goge hannu da tsumma.

"Na ji ke ce mai riƙe labarin gida. To, ki taimake ni da abu ɗaya. Ku daina cewa a fili aka karya shi. Ba wanda ya karya shi a fili, shi ya yi kaye ranar. Duk wanda ya tambaye ki, ki ce masa ƙanena ya fita daga fili da ƙafafunsa."