Wendell Hrabak da Makon Farauta

Wendell Hrabak ya yi shekara ashirin da shida yana tuƙa motar 'yan makaranta a garinmu, Brenner Falls, ya kuma yi talatin da ɗaya yana tuƙa motar kashe gobara. Aikin gobarar na sa-kai ne, shi da wasu mutum ashirin da biyu. Gajere ne kakkaura, kunnensa na hagu ya lalace saboda jiniya. Matarsa ta daɗe da rasuwa. Titi ne kawai tsakanin gidansa da tashar kashe gobara, shi ya sa kullum shi ke fara isa, shi ne kuma mai riƙe littafin da ake rubuta lokacin kira da lokacin fita. Ba ya farauta. A garin da ake rufe makarantu ranar Litinin ta farkon farautar barewa, wannan kaɗai ya isa a tsokani mutum har tsufansa.

Shekara tara yana kai 'yata Corinne makaranta. Ni ina koyar da lissafi a kwalejin garin da ke gaba da mu, don haka Malama yake ce mini.

Corinne tana da shekara goma sha shida. Ranar Litinin ɗin farauta ta bara waccan babu makaranta, tana barci a ɗakinta na sama, ni ina aji. Wayar wuta ta kama a kicin. Maƙwabciyata ta kira tashar da ƙarfe goma da minti goma sha huɗu na safe. Motar ta iso ƙofar gidana goma da minti talatin da shida. Tafiyar minti biyar ce. Likita ya ce hayaƙi ne ya kashe ta. Iyakar abin da zan faɗa game da ita ke nan.

Bayan wata biyu majalisar gari ta yanke shawarar ɗauko masu bincike daga waje, su yi wata guda suna duba yadda tashar ke aiki. Ba wanda ya ƙi. Abin da ya rage shi ne wane wata za su zo. Shugaban 'yan kwana-kwana, Dale Petrosky, ya ce Afrilu. Ni na rubuta takarda na roƙi a sa daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, don makon farauta ya faɗo ciki. A Afrilu kowa yana gida. Ina so su ga tashar yadda take ranar da aka kira ta dominmu.

Ba na jin haushin Dale. Duk lokacin sanyin nan shi ke zuwa ya kwashe dusar ƙanƙarar ƙofar gidan da na koma, bai taɓa ƙwanƙwasawa ba. A lokacin ba na jin haushin kowa, ba na jin komai. Takardar ma na rubuta ta ne kamar ina rubuta tambayar jarrabawa.

Lahadin farko na kowane wata ana karyawa a tashar. Na je na Fabrairu don ƙafata ta saba. Wendell na bakin kasko, ya juya wa ƙofa baya.

"Kai tsoho," in ji Dale daga tebur, "juya fanken nan kafin mu kira 'yan kwana-kwana!"

"Bar shi," in ji wani, "mutumin da bai taɓa harbin ko gwangwani ba, fanke ma tausayinsa yake ji."

"Ku kira su mana," in ji Wendell, "in kun same su a gari."

Aka fara dariya, sai aka gan ni. Wendell ya juyo da farantin a hannu, ya daɗe a tsaye, sannan ya ajiye mini.

"Zuma ko man shanu, Malama?"

Na ce duk ɗaya.

Majalisa ta zauna ranar Alhamis da ƙarfe huɗu a ɗakin karatu na gari. Kansiloli biyar, da Lorna Stitt a tsakiya tana shugabanta. Dale ya zo da littafin tashar.

"Malama, Allah ya sani ba ɓoye wani abu muke yi ba," in ji shi. "Yaran nan har yanzu ba sa iya barci. A kawo baƙo ya tsaya musu a kai a makon da abin ya faru? Kuma ga littafi. Nuwamba da Afrilu duk ɗaya ne, minti uku zuwa huɗu mota ta fita. Ranar nan ma goma da sha bakwai aka rubuta."

Na riga na ga wannan lambar. Na san ba ta haɗuwa da talatin da shida, amma ban san dalili ba, ba wanda ya gaya mini.

Wendell ya miƙe daga layin baya, hularsa a hannu.

"Lorna, a ba ni dama."

"Zauna, tsoho," in ji Dale a hankali.

"Wannan kunnen ba ya ji, Dale, ka sani." Ya matso gaba. "Rubutuna ne. Tun zamanin mahaifinka, lokacin da direba ya tayar da inji shi muke rubutawa a matsayin lokacin fita. Haka aka koya mini, haka na yi shekara talatin da ɗaya. A Afrilu ba matsala, kafin inji ya yi zafi mutane sun cika. Amma doka ta ce mota ba ta fita sai da mutum huɗu. Ranar nan mutum goma sha takwas suna daji inda waya ba ta kamawa. Na tayar da inji goma da sha bakwai. Mutum na biyu ya zo goma da ashirin da biyu. Na uku da ashirin da shida. Na huɗu daga wurin aski ya taho da ƙyalle a wuya. Mun fita da talatin da ɗaya." Ya juya hular. "Minti goma sha huɗu ina zaune, ƙofa a buɗe, ina ganin hayaƙin ta saman coci. Na san gidan. Na san tagar. Kowace Nuwamba haka muke jira, sai dai ba a taɓa samun mutum a ciki ba."

Na rubuta lambobin a bayan takardar taron, na tara, suka haɗu. Lorna ta kira ƙuri'a. Uku suka zaɓi Nuwamba, biyu Afrilu.

Ba a kori Wendell ba. An dai karɓi littafin an bai wa wani, an kuma sauya yadda ake rubuta lokacin fita. A karyawar Lahadi yana nan a bakin kasko, amma an daina tsokanarsa, gaisuwa kawai.

Masu binciken suka zo goma sha biyar ga Nuwamba, mace da namiji. Tun watan Fabrairu kowa ya san ranar zuwansu. A makon farauta ba ɗan kwana-kwana ko ɗaya da ya shiga daji. An yi kira uku, mota ta fita cikin minti huɗu, da biyar, da huɗu. Rahoton ya fito a Janairu, shafi sittin da biyu. Ya yaba da saurin tashar, ya ba da shawarar a sayi sabon tsani. Maganar farauta layi biyu ce a shafi na arba'in.

Na gamu da Wendell a gidan waya bayan kwana uku. Ya rame, rigar sanyinsa ta yi masa yawa.

"Kin karanta?"

"Na karanta."

"Ni na ɗauka in suka zo a lokacin za su gani." Ya gyara tsayuwa ya juyo mini da kunnen dama. "Amma dai sun zauna, Malama. Duk ashirin da biyun sun zauna a gari."

"Bana," na ce.

"Bana," in ji shi. "Na ji Dale ya riga ya kama wurin kwana a daji na baɗi. Ni dai ina nan. Saura mutum uku mota ta fita."