Na Bar Makanikal Kafin A Karɓe Ni A Kwamfuta

Ni 'yar Kakuri ce, a wani gidan haya da ke bayan tsohuwar masaƙa aka haife ni. Lokacin da wannan abu ya faru shekaruna goma sha tara, kuma ni ce ta farko a gidanmu da ta taka jami'a. Babana ya daɗe yana gyaran injinan saƙa, da aka rufe masaƙar sai ya buɗe 'yar rumfa a Trikania yana gyaran janareto da injin ban ruwa. Mamata kuwa acca da citta take sayarwa. Ba wanda ya tilasta mini karatun injiniyanci, ni na zaɓi makanikal da kaina. Ranar da sunana ya fito, Baba ya rufe rumfa da rana tsaka ya bi tsofaffin abokan aikinsa gida gida yana faɗa musu. Ranar Lahadi Fasto ya kira ni gaban coci aka yi mini addu'a, 'yan zumuntar mata suna ta guɗa.

Mu huɗu ne kacal mata a ajinmu, kuma shekarar farko ban yi laifi ba, makina na tsaka-tsaki ne. Matsalata ta fara ne daga wata hira da muka yi da wani ɗan'uwa a ƙungiyar ɗalibai Kirista, wanda yake aji uku a sashen kwamfuta. Ya tambaye ni daga ina nake, na ce Kakuri. Sai ya yi dariya ya ce ke da kika ga mutuwar masana'antu da idonki, wane kamfani kike jira ya ɗauke ki? Ya ce duniya ta koma kodin, wato rubuta wa kwamfuta umarni, kuma akwai yaran da ke zaune a ɗaki suna yi wa kamfanonin waje aiki. Maganar ta shige ni, domin gaskiya ne, tun ina ƙarama nake wucewa ta gaban waɗancan ƙofofin da suka yi tsatsa, ciyawa ta cinye harabar. Na san yadda Baba ya koma bayan an sallame su.

Ƙanwar Mama da ke Unguwar Boro ta ba ni tsohuwar laftof ɗinta, na fara koyo ta bidiyo. Da farko na ji daɗin abin sosai, ranar da na rubuta umarni kwamfuta ta bi, har tsalle na yi. Amma ba ni da tsari. Yau in kama wannan yaren kwamfuta, bayan sati biyu wani ya ce wancan ne ake yayi, in saki in koma can. Na je wurin malamin da ke ba 'yan ajinmu shawara, wani dattijo mai sanyin magana, na gaya masa ina so in canja sashe. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce 'yata, kodin ɗin nan yana cikin darussanmu na gaba, kuma injiniyan da ya iya shi ya fi wanda bai iya ba daraja. Ya ce in zaɓi yare ɗaya in riƙa bi a hankali lokacin hutu. In kuma na dage sai na canja, to in cika fom, in ci gaba da zuwa lakcocina, kada in motsa sai na ga takarda a hannuna. Na ce to Malam, na gode. A raina kuwa cewa na yi ba ya so a rage masa ɗalibai ne.

Da muka shiga aji biyu na cika fom ɗin. Ɗan'uwan nan ya ce ai cika ƙa'ida ne kawai, ana ba kowa, gara in fara zama a ajinsu tun yanzu kada a bar ni a baya. Haka na yi. Na daina zuwa darasin zane, na daina shiga ɗakin da muke koyon yankan ƙarfe da walda, na koma ina zama a ajin da babu sunana a rajistarsa. Har gwajinsu na riƙa rubutawa, ba wanda ya taɓa dubawa. Ɗaya daga cikin 'yan matan ajinmu, 'yar Filato ce, ta same ni fiye da sau uku tana cewa 'yar'uwa, ana kiran suna fa, ki zo ko da rabin lakcocin ne. Na ce mata ni na riga na wuce wurin. Saura sati uku jarabawa aka liƙa sunayen waɗanda aka amince su canja. Na karanta takardar daga sama zuwa ƙasa sau huɗu, babu ni. Guraben kaɗan ne, kuma makin da ake nema ya fi nawa. An rubuta hakan a jikin fom ɗin, ni ce ban tsaya na karanta ba.

Na koma makanikal a guje, amma ba ni da makin gwaji, ba ni da na aikin hannu. Na zauna jarabawa ina kallon tambayoyi kamar da wani yare aka rubuta su. Zango na biyu na yi ƙoƙarin tashi, sai dai darussan a kan na baya aka gina su, ni kuma ba ni da tushen. A ƙarshen shekara aka ce in bar makaranta. Da na sami ɗan'uwan nan ina kuka, ya ce shi shawara kawai ya bayar, in yi haƙuri, Ubangiji yana da shiri. Ban ma iya jin haushinsa ba, na gaji.

Babban laifina shi ne abin da na yi bayan nan. Ban faɗa a gida ba. Wata bakwai ina raɓe a ɗakin wata ƙawata kusa da makaranta, in an yi hutu in ɗauko jaka in dawo Kakuri kamar kowa. Na yi ta gaya wa kaina cewa zan ƙware a kodin in sami aiki, sai in faɗi labarin biyu a tare, mai daɗin ya rufe marar daɗin. Amma wanda zuciyarsa ba ta kwance ba ya koyon komai. In na buɗe laftof sai in zauna ina kallonta.

Asirina ya tonu ne lokacin da 'yan ajinmu za su tafi koyon aiki a masana'antu. Baba ya ji labarin a wurin wani maƙwabci, bai gaya mini ba ya je wurin wani tsohon ogansa da ke da ƙaramin kamfanin ƙera kayan injin niƙa, ya roƙa mini gurbi. Ya dawo yana murna ya ce ranar Litinin in ɗauko takardar makaranta mu je tare. Ranar ya sa kayansa na zuwa coci, ya goge takalmi. Muka hau keke ina riƙe da fayil da babu komai a ciki. Muna hango ƙofar kamfanin na ce Baba, an kore ni. Ya ce wa mai keken ya tsaya, muka sauka a bakin titi. Ya tambaye ni tun yaushe. Na ce wata bakwai. Ya ce faɗuwa ba ta ba shi tsoro, shi ma a rana ɗaya aka sallame shi daga aikin da ya ba ƙuruciyarsa, amma a ranar ya dawo gida ya gaya wa Mama. Ya ce abin da bai gane ba shi ne yadda na yi wata bakwai ina ɓoye masa, in dawo hutu in zauna ina cin abinci da shi ina kallon idonsa. Daga nan ya gyara rigarsa ya shiga kamfanin shi kaɗai don ya ba mutumin haƙuri, ni ina tsaye a waje da fayil.

Mama ta yi makonni ba ta je zumunta ba saboda tambayoyin mutane. Ni kuma na sake rubuta jarabawar shiga makaranta, yanzu ina kwalejin fasaha, makanikal ɗin dai na koma, ina zama da yaran da na girme da shekara huɗu. 'Yan ajinmu na da sun gama har sun yi hidimar ƙasa. 'Yar Filaton nan da ta yi ta jan kunnena, a lokutan hutu ta koyi kodin, yare ɗaya tak, yanzu ita ke rubuta wa injinan wani kamfani umarni. Ni ma ina koyo ranar Asabar, a hankali. Baba yana mini magana, yana ma tambayata karatu, amma bai ƙara gaya wa kowa abin da nake karantawa ba.

Na rubuto ne saboda ƙannena da suka shiga makanikal bana, waɗanda na san ana ta hura musu kunne. Kodin abu ne mai kyau, ku koya, ba sai kun bar sashenku ba. In kun ga lallai wani digirin ne ya dace da ku, ku tambayi malaman da suka san ƙa'ida, ku karanta fom har ƙasa, kada ku saki reshe ku kama ganye. Wanda ya ce muku ana ba kowa, ba shi zai zauna muku jarabawa ba. In kuma ta riga ta ɓaci, ku je gida ku faɗa a ranar. Shekarun da na ɓatar ina biyansu a aji, kuma wata rana zan gama. Wata bakwai ɗin nan kuwa har yau ban san inda ake biyansu ba.