Na Tafi Fotugal da Agogon Kuala Lumpur

A lokacin shekararmu tara a Pantai Dalam, wata unguwa a Kuala Lumpur. Maigidana yana koyarwa a jami'a, ni kuma ina karantar da 'ya'yan maƙwabta Alƙur'ani a falona. Tun ina yarinya a gaban mahaifina ban taɓa barin salla ta fita lokacinta ina ido biyu ba, kuma, Allah Ya yafe mini, nakan ji daɗi idan aka yabe ni da hakan. Sai aka gayyaci maigidan taro a Lisbon, babban birnin Fotugal, cikin watan Disamba, ya ce mu tafi tare. Abokin aikinsa ma zai je da matarsa, wata baiwar Allah mai kunya da ke zaune a unguwar Wangsa Maju, wadda ba ta kirana da komai sai Malama.

Yini ɗaya tak gare mu na yawo, washegarin saukarmu, yayin da mazan ke wurin taro. Maigidan ya ce mu bi motar 'yan yawon buɗe ido mai ɗan jagora. Na ƙi. Na ce wadda ta saba hawa LRT, jirgin ƙasan cikin gari, da yara uku ba ta buƙatar a riƙe mata hannu. Wata guda na yi ina tsari a teburin kicin: jirgin ƙasa da safe zuwa Sintra, garin da ke kan tudu, mu ga fadojin sarakunansu na dā, sannan bas zuwa Cascais a bakin teku. Na rubuta komai da ajami a ɗan littafina, har dambun naman da za mu yi guzuri. A ƙasan shafin na sa cewa za mu haɗa Azahar da La'asar ƙarfe biyar a bakin ruwa. A nan na kuskure. A Malesiya rana ba ta sauya hali, duk shekara sai wajen bakwai ake kiran Magariba, kuma kusan kowace tasha akwai surau, ɗan ɗakin salla da famfonsa. Na saba har na ɗauka haka duniya take.

Muka tarar da tudun Sintra lulluɓe da hazo mai laima, ko alamar rana babu. Wajen ƙarfe ɗaya da rabi, muna haki a gindin wasu bishiyoyi, abokiyar tafiyata ta ce tana da alwala, ga fili, ko mu yi salla mu huta. Na yi dariya. Na ce ƙasa a jiƙe take, ga Turawa na kai da kawo, ta kwantar da hankalinta lah, kamar yadda yaranmu kan ce da salon 'yan Malesiya, lokaci na nan tuli. Ta ce to, ai Malama ta fi ta sani, ta mayar da hijabinta jaka. Wayoyinmu duka babu intanet, balle su tuna mana.

Layin bas ya cinye mu, biyu suka wuce a cike. Sai bayan huɗu da rabi muka samu. Muna gangarowa hazon ya yaye, sai ga rana jawur, saura ƙiris ta taɓa teku. Ban tsaya shawara ba, na danna ƙararrawa, na ja hannunta muka sauka a wata tashar da har yau ban san sunanta ba. Iska kamar za ta ɗauke mu. Rabin gorar ruwa muka raba, kowace gaɓa wanki ɗaya. Na shimfiɗa rigar sanyina a gefen titi, muka ba teku baya, muka kabbara Azahar motoci na wucewa. Da na sallame na waiwaya, babu rana. La'asar ramuwa muka yi.

Ba ta zarge ni ba. Kuka kawai ta yi, tana tambayata ko za a kama ta da laifi. Na ce mata ita ta yi kira, ni na hana, nauyin a wuyana yake. Cascais kuwa, da muka sake samun bas, tasharta kaɗai muka gani, muka hau jirgi muka koma.

Na daɗe ina istigfari, ba don rashin sani ba, sai don jin kai da ya sa na toshe kunne ga wadda na raina iliminta. Ban daina tsara tafiyata da kaina ba, kuma ba zan daina ba. Amma yanzu kafin in duba jirgi ko masauki, sai na fara binciken lokacin da rana ke faɗuwa a can, in rubuta shi a saman shafi. 'Yan uwana da muka ji daɗin zaman Malesiya har muka manta, duk wanda zai fita ya riƙe ruwansa da shimfiɗarsa. Idan kuma wani a cikin tafiyar ya ce a tsaya a yi salla, ko ƙasa a jiƙe take, ku tsaya.