Yaya Rabi da Wasan Katin da Aka Kira Caca

Shekara goma sha bakwai ke nan da rasuwar yayata, Rabi. Malama ce, tana koyar da ilimin halayyar ɗan Adam, kuma tambaya ɗaya ce ta hana ta sakat: me ya sa mutum yake ganin rami da idonsa, amma ya taka?

A farkon komawa mulkin farar hula, lokacin da shagunan intanet suka fara buɗewa a Tarauni, wata ƙawarta da ke karatu a ƙasar waje ta haɗa ta da wani wasa na bincike da ake yi ta kwamfuta. Kati ne tuli huɗu. Biyu suna ba da maki mai yawa nan take, amma can sai su kwashe fiye da abin da suka bayar. Sauran biyun kaɗan-kaɗan suke bayarwa, sai dai mai haƙuri da su shi ke tashi da riba. Ko kwabo ba a sakawa. Ita dai so take ta ga yaushe mutum zai gane tulin da ke cutarsa, in ya gane kuma, ko zai bari.

Da ni ta fara, wata Asabar da safe, a wani shagon intanet. Na liƙe wa tulin farko, makina yana ta zurarewa.

"Auta, ka gane wanda ke cinye ka?"

"Na gane, Yaya."

"To me ya mayar da hannunka can?"

Ba ta yi mini dariya ba, rubutawa kawai ta yi a littafinta.

Daga nan ta riƙa gayyato 'yan kasuwar Unguwa Uku, da malaman firamare, da ma'aikatan ofis. In wuta ta ɗauke ana tsaka da wasa, aikin ranar ya tafi ke nan, sai ta ba mutum haƙuri ta roƙe shi ya dawo. Duk wannan ta jure. Abin da ya fi ƙarfinta bakin mutane ne. Magana ta zagaye unguwarmu ta Gyadi-Gyadi cewa 'yar gidan Malam tana tara mutane tana koya musu caca. Mai shagon ya same ta cikin ladabi, ya ce ta yi haƙuri ta nemi wani wuri. Mai shago na biyu ma haka. Mahaifinmu ya kira ta zaure ya ce, "Rabi, ni na san ba caca kike yi ba. Amma ba zan iya bin gida-gida ina bayani ba."

A wurin aikinta kuma takardun neman izini suka kwanta a kan tebur, ba a ce e ba, ba a ce a'a ba. Ƙawar tata ta samo mata gurbi a can, sai ga Inna ta kamu da shanyewar ɓarin jiki, kuma hannun Rabi kaɗai take yarda ya juya ta. Gaba kura, baya sayaki. Ta ƙi tafiya, zaman kuma bai ba ta aikin ba. Shekara biyar tana koyar da abin da ba a bari ta gwada ba, har ciwon hanta ya ɗauke ta. Inna ta ƙara shekara guda a bayanta.

Da za ta leƙo yau, me za ta ce? Cacar gaske ta shigo aljihun kowa. A layin da aka yi ta gulmarta, samari suna zaune a kan benci, kowa ya sunkuya a kan waya yana jiran sakamakon ƙwallo. Ba na jin za ta ce "ai na faɗa." Kujera za ta jawo ta zauna kusa da su, ta fara tambaya.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni ma ina ciki. Shekara biyu ke nan, da furfurata. Sau uku ina goge manhajar cacar daga wayata, sau uku ina mayar da ita. Matata Hajara ta ɗauka labarai nake karantawa.

Yaya ba ta bar littafi ba, ba ta bar ɗalibin da ya ɗora daga inda ta tsaya ba. Na daɗe ina ganin kamar komai ya bi ta kabari. Sai a watan jiya, a kasuwar Tarauni, wata dattijuwa ta riƙe mini hannun riga. Mama Ladi ce, tsohuwar malama 'yar Kudancin Kaduna da ke zaune a Darmanawa, tana cikin waɗanda suka yi wasan. Ta ce yanzu da 'yan takardu da wake take yi wa jikokinta shi a tsakar gida.

"Ɗana," in ji ta, "a duk rayuwata yayarka ce kaɗai ta tambaye ni yadda nake tunani, ta kuma tsaya ta ji amsa."

Da na koma gida na zaunar da Hajara, na faɗa mata komai. Ta miƙo hannu, na ba ta wayar. Ba zan ce na fita ba. Yau kwana goma sha tara rabona da caca, kuma kullum sai raina ya biya.

Allah Ya jiƙan Yaya Rabi, Ya haskaka makwancinta.