Madubin da Na Kai Maradun

Shekara goma sha ɗaya na yi ina riƙe da makullin ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na wata makarantar sakandare a Talata Mafara. Ni ba malami ba ne, ko da yake Malam kowa ke ce mini. Aikina in riga kowa zuwa, in buɗe tagogi, in wanke kwalaben gwaji, in auna asid in sirka shi da ruwa yadda malamin kemistiri ya rubuta, in jera komai kan tebura kafin ɗalibai su shigo. Idan malamin bayoloji yana son kwaɗi, ni ke naɗe ƙafar wando in shiga magudanun ruwan noman rani da bokiti. Masu shinkafa da sun hango ni sai su ɗaga murya, "Mai kwaɗi, yau miya za a yi ko gashi?"

Tsakanin darasi da darasi ɗakin yakan yi tsit, sai warin sifirit da ɗigar famfon da ba ya rufuwa. A lokacin nake karatuna. Bayan manyan kwalaben da ba mai taɓawa na ɓoye littattafan soyayya, irin ƙananan nan da nake saye a kasuwa ranar Talata. Na karanta su har na yarda cewa duk wanda ya miƙa wa mace abin da ya fi ƙauna, zuciyarta za ta miƙo masa. Ba na jin kunyar faɗa yanzu. Haka nake a wancan lokacin.

Abin da na fi ƙauna kuwa shi ne maikiroskof ɗinmu, na'urar da ke ƙara girman abin da ido ba ya gani. Madubi kawai muke ce masa. Baƙi ne, mai nauyi, yana da akwatin katako mai ɗan kwado. Ya girme ni a makarantar. A ƙarƙashinsa akwai ɗan gilashi zagayayye mai tattaro hasken taga ya haska abin da ake dubawa. Wata shekara gilashin ya tsage, na rubuta takarda sau uku ba a sayo ba. Sai na kwance madubin hagu na babur ɗina, na kai wa mai yankan gilashi ya zagaye mini shi, na ɗaura. Ya zauna daram. Tun daga ranar babur ɗina ke yawo da kunne ɗaya.

Akwai wata al'ada tsakaninmu da ba a rubuta ta ko'ina ba. Duk shekara, kafin jarrabawar ƙarshe, masu duba makarantu sukan zagayo su ga ko ɗakin gwaji ya isa a yi jarrabawar gwaji a cikinsa. Abin da suke fara nema madubi ne. Mu muna da shi. Wata makaranta a Bakura da wata a Maradun ba su da shi. Saboda haka sai in ɗaure akwatin a bayan babur, in naɗe shi da tsohon bargo, in riga masu dubawa isa Bakura. Su gani su wuce, in riga su isa Maradun, sannan in dawo da shi gida kafin su zo mana. Shugabannin makarantun uku duk sun sani. Ba wanda ya taɓa furtawa.

A Bakura wani dattijo ne ke riƙe da ɗakin gwajinsu, abokin aikina, ina ce masa Baba. A Maradun ba su da ma'aikaci irina, don haka makullin yana hannun malamar bayoloji. Shekarar da aka kawo sabuwar malama, ita ta tarbe ni a bakin ƙofa. Ta ce rabonta da taɓa madubi tun tana kwaleji. Na ɓare albasa, na zare siririyar fatar nan ta ciki, na shimfiɗa kan gilashi, na ɗiga aidin, na juya madubin babur ɗina har ya kamo hasken taga. Ta duƙa, ta riƙe bakin hijabinta da hannu ɗaya, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Ikon Allah," ta ce. "Ashe albasa ma ɗakuna gare ta, kowa da nashi."

Da wannan maganar na dawo Talata Mafara. Na juya ta a raina har na samo mata ma'anonin da mai ita ba ta sa mata ba. Ɗakuna. Kowa da nashi. A littattafaina, ba a faɗin irin wannan a banza.

Shekara biyu muna gaisawa ta waya. Takan kira ni Malam mai madubi. Takan tambaye ni yadda ake adana ƙadangare cikin kwalba ba tare da ya ruɓe ba, ni kuma in amsa kamar wanda ake tambaya labarin zuciyarsa. Har na fara yi wa kawuna maganar cewa akwai wani gida a Maradun da nake son ya je ya gaishe su bayan damina.

A shekara ta uku ita ta fara kira.

"Malam mai madubi, ina kwana? Ina gajiya? Ya iyali na gida, ya ɗalibai?"

Muka gama gaisuwa tsaf, sannan ta ce, "Bana kawo man shi da wuri. Kar ka biya Bakura, Baba ya ce ba ya buƙata. Ni nika son in gan shi tun kahin kowa."

Ni ban ji komai a maganar ba sai "nika son". Ban kira Baba ba. Na goge madubin da auduga, na shafa wa maƙogwaronsa mai, washegari da hantsi ina Maradun. Ta ba ni zoɓo mai sanyi a kofin gilashi. Ta ce in bar shi kwana uku. Na ce ko wata uku ne.

Kwana uku suka wuce, sannan bakwai. Na kira, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na aika saƙo, shiru. Na ce wa kaina kunya ce, don a littattafai mace takan yi shiru daf da amincewa. Amma masu dubawa saura kwana huɗu su iso mana, kuma 'yan ajin ƙarshe ba su taɓa ganin fatar albasa da idonsu ba, malamin bayoloji kullum sai ya leƙo ya tambaye ni.

Ranar Talata na ci karo da Baba a kasuwa, wajen masu tumatir. Bayan mun gaisa ya ce, "To yaya kay yi da masu fenti?"

"Wane fenti, Baba?"

Ya ajiye ledarsa. "Kai ɗan nan. Bana da gwangwanin fenti sunka hito. Sun gane wayonmu. Duk abin da sunka iske cikin ɗakin gwaji sai su rubuta mai sunan makaranta, shi ke nan ya zama na nan. Shi ya sa nic ce ban so. Na kira ka ban same ka ba, sai na kira malamar Maradun, nic ce ta gaya maka kar ka hito da shi bana. Ta ce in bar mata, ita za ta gaya maka." Ya dube ni da kyau. "Ba ta gaya maka ba?"

"Yaushe kuka yi maganar?"

Ya ƙirga da yatsunsa. Kwana ɗaya ne kafin ta kira ni.

Ban san yadda na isa Maradun ba. Na dai tuna gero ya fara kai ƙugu a gefen hanya, kuma ina ta shirya mata uzuri: ta manta, ko ba ta fahimci Baba ba, ko shugabanta ne ya tilasta mata. Na iske ta a ɗakin gwaji ita kaɗai, tana share allo. Madubin yana kan teburin da ke kusa da taga. A gindinsa an rubuta haruffan sunan makarantarsu da farin fenti, manya, har ɗigo ɗaya ya gangaro ya bushe.

"Malam, sannu da zuwa. Ka sha hanya."

Malam kawai ta ce.

"Malama, kin san da fentin."

Ta ci gaba da share allon da ya riga ya fita tas. "Na sani."

"Kin sani kika ce in kawo."

"Shekara biyu ina zana ma ɗiyan nan abu bisa allo, ina ce musu haka yake, ku yarda da ni. Ku kuna da kwalabe, kuna da famfo, kuna bakin titi, in kun yi kuka ana ji. Mu wa ka jin namu?" Ta juyo. "Mai dubawa ya tambaye ni ko namu ne, na ce namu ne. Na sa hannu. In ya bar ɗakin ga, ni za a kama, kuma a hana mu jarrabawa."

"Da kin roƙe ni."

"Da ka ba ni?"

Wata uku na ce mata, ban ce har abada ba, kuma ba nawa ba ne balle in bayar. Ta san haka. Shi ya sa ba ta roƙa ba. Abin da ya fi ƙona ni ke nan: ta san ni sarai, ta san muryar da za ta kira ni da ita in taso ba tare da na tambayi kowa ba.

Na matsa kusa da shi. Ɗan gilashin babur ɗina yana nan, yana jefa hasken azahar a silin. Shi ne shaidata. Duk wanda ya kalle shi ya kalli babur ɗina a waje zai gane. Amma wa zan nuna wa? In na yi magana, na tona makarantu uku, da Baba, da kaina. Akwai ƙaramin sukuddireba a aljihuna, kuma gilashin dai nawa ne, ba na gwamnati ba. In na kwance shi, madubin ya makance. Na sa hannu a aljihu. Ta gani. Aka buga ƙararrawa, na ji takun ɗalibai suna tahowa ta baranda. Na fito da hannuna babu komai.

"Akwatin ba su shafa mai fenti ba," ta ce a hankali. "Kana iya tahiya da shi."

Na ɗaure shi a bayan babur, na naɗe shi da bargo kamar kullum. Duk ramin da na faɗa sai in ji yana ƙara kamar ganga.

Shugabanmu ya saurare ni har ƙarshe yana kaɗa biro. "Ni na aike ka? Akwai takarda?" Na ce babu. Ya ajiye biron, ya ce, "Sa wani abu mai nauyi cikin akwatin. Ka kulle, ka ɗora can sama."

Na duba ɗakin. Kwalabe za su yi ƙara, dutse zai yi gungure. Sai na janye manyan kwalaben nan, na kwaso littattafaina duka, na jera su a akwatin ɗaya bisa ɗaya, na cusa auduga a gefe. Suka cika shi cif. Na danna kwadon.

Masu dubawa sun iso mana bayan la'asar, a gajiye, abinci yana jiran su a ofis. Shugaba ya ce makullin akwatin yana hannun malamin bayoloji, shi kuwa ya tafi Gusau. Ɗayansu ya sauko da akwatin, ya jinjina, ya gyaɗa kai. Ya tsoma buroshi ya rubuta sunan makarantarmu a murfin.

'Yan ajin ƙarshe na shekarar daga allo suka kwafi fatar albasa. Ni na zana musu ita, da ɗakunanta. Kawu ya tambaye ni sau biyu maganar gidan Maradun, na ce a bari, bai sake ba.

Har na bar makarantar akwatin yana can sama, ban ƙara buɗe shi ba, makullin kuma yana cikin makullan gidana. Babur ɗin ma ban saya masa wani madubin ba. In zan karya hagu, waiwayawa nake yi.